Daga Dambatta zuwa Damagaram a kan babur: Yadda rasit ɗaya ya kusa raba mu da abin hawanmu a kan iyaka

Da aka idar da sallar Asuba muka ɗaure kaya. Turmin atamfa biyu, ƙwaryar goro, da ledar takardu da kawuna ya cusa a aljihun gaban rigarsa. Ɗaurin auren jikar ƙanwar kakarmu za mu je a Damagaram, wato Zinder ta Jamhuriyar Nijar, kuma a kan Boxer ɗinsa za mu yi tafiyar, daga ƙauyenmu da ke yankin Dambatta.

Ga mutumin wannan yanki, zuwa Damagaram ba wani abin a zo a gani ba ne. Daga birnin Kano zuwa can kimanin kilomita 240 ne, bai kai nisan Abuja ba. Ita ma Damagaram ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba a kan Yamai, babban birnin ƙasarta, da ke da tazarar kusan kilomita 900. Da wuya ka zaga gidaje goma a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa ko Kunci ba ka samu wanda ke da ɗan'uwa ko suruki a tsallaken iyaka ba.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne babur ɗin. A wannan yanki gonaki a manne suke da juna, gero na gogar dawa, gyaɗa da wake a tsakani, babu fegin da aka bari a banza. Gado ya yi ta rarraba su har ta kai gonar magidanci ba ta ciyar da gidansa shekara guda. Babur shi ne gona ta biyu. Da shi ake kai taki, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake acaɓa ranar kasuwa. Wanda ya hau shi zuwa wata ƙasa, jarin gidansa ya ɗauka ya tafi da shi.

Hanya da abin da ke bakinta

Daga Dambatta titin ya miƙe zuwa Kazaure a Jihar Jigawa, sannan Daura a Jihar Katsina. Jihohi uku kafin hantsi ya dubi ludayi. Nan da can kana hango aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 aka bai wa kamfanin Mota-Engil. Zai bi ta Dambatta, Kazaure da Daura, sai ya karkata yamma zuwa Katsina da Jibiya. Mai zuwa Damagaram dai da sauransa a kan babur da mota.

A Daura muka cika tanki. Tun Nuwamban 2019, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matafiya suka saba da shan mai tun kafin su kusanci bakin boda. Na ba da shawarar mu riƙe ɗan galan saboda ko-ta-kwana, kawu ya ƙi. A ganinsa galan ɗaya ya isa ya mayar da ɗan biki ɗan fasa-ƙwauri a idon jami'i, duk da cewa cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage ribar wannan sana'a ƙwarai.

Daga Daura sai Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Nan Najeriya ta ƙare. Ƙofar Nijar tana gaba kaɗan, a Ɗan Barto.

Inda gizo ya yi saƙa

Mu biyu ba mu samu matsala ba. Muna da fasfo, muna da katin rigakafin cutar shawara mai launin ɗorawa. Babur ɗin ne aka tsaya a kai.

A ɗaya daga cikin shingayen da ke wannan tsakani, wani jami'i ya karɓi takardun, ya durƙusa ya goge wuyan babur ɗin da yatsa, ya karanta lambar jikinsa da ta injin, yana dubawa da abin da ke rubuce. Kawu na hannu ya sayi babur ɗin wajen wani maƙwabcin ƙauye. Rasit ɗin da sunan mai shi na farko yake, kuma ba su rubuta takardar ciniki ba, domin a ƙauye shaidu biyu da musafaha sun wadatar. Ƙari a kan haka, gumi da ninki sun cinye lambobi biyu a jikin rasit ɗin.

Aka ce mu tura shi gefe.

Ban ga laifin jami'in ba, ko da yake a lokacin raina ya ɓaci. Baburan sata na tsallaka wannan iyaka ta kowane ɓangare, kuma tun da 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu, hukumomin ƙasashen biyu suke masa kallon tuhuma. A Nijar har an taɓa hana hawansa ɗungurungum a jihar Diffa da wasu sassan Tillaberi. Mutumin da ya zo da babur mai sunan wani, da lambar da ba ta karantuwa, me zai ce a gaskata shi?

Kusan awa biyu muka yi a gindin wata bishiyar darbejiya. Kawu bai ce uffan ba, sai jan carbi. Daga baya ya gaya min lissafin da yake yi a zuci: buhu nawa na gyaɗa zai sayar kafin ya mayar da babur ɗin idan aka riƙe shi. Abin da ya cece mu shi ne layin wayar Najeriya na kamawa a wurin. Muka samu ɗan mutumin da ya sayar da babur ɗin, ya lalubo asalin takardar dila a cikin akwatin mahaifinsa, ya ɗauki hotonta ya turo ta WhatsApp. Lambobin suka yi daidai. Uban ya yi magana da jami'in ta waya, sannan aka sallame mu.

A ɓangaren Nijar, ofishin kwastan da suke kira duwan shi ke ba abin hawan baƙo takardar izinin shiga ta ɗan lokaci, wadda ake ce wa lasefase. Ita za ka riƙa nuna wa jandarmomi a hanya, kuma kwananta ƙidayayye ne. Akwai kuma inshorar ƙetare iyaka ta ECOWAS, mai suna Brown Card, da aka kafa tun 1982. Yawancin masu baburan ƙauye ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Me ya sa ba a bi ta gona ba?

Tambayar da samarin da ke zaune kan baburansu a bakin iyaka suka yi mana ke nan. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. A wannan yanki babu kogi babu dutse da ya raba, gonar gero ce ta wuce ta zama gonar gero. Ɓarauniyar hanya ba ta ƙirguwa, kuma ta ƙara yawa duk lokacin da aka rufe ƙofa: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, har zuwa Maris ɗin 2024 da aka sake buɗewa.

Ga mai zuwa ƙauyen da ake hango rumbunansa daga nan, wataƙila ta yi masa. Ga mai tafiya mai nisa, tarko ce. Ka kauce wa shinge ɗaya, amma akwai wasu a gaba kafin Damagaram, kuma a can ba ka da hatimin shiga, babur ɗinka ba shi da lasefase. Wanda aka tsare a bakin iyaka zai iya juyawa gida da abin hawansa. Wanda aka kama a cikin ƙasa ba shi da wannan zaɓin.

Ga kuma sauyin siyasa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta bai wa ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su yi zirga-zirga har zuwa wani lokaci, amma a Fabrairun shekarar jaridun Najeriya sun ruwaito cewa an mayar da wasu matafiya daga ƙofofin Nijar saboda rashin cikakken fasfo. Zamanin da gaisuwa da sanayya kaɗai ke wuce da mutum yana ja da baya.

Tsallake

Daga Ɗan Barto zuwa Matamaye, sannan Kance, sai mahaɗar Takeita inda ake hawa babban titin da ya taso daga Yamai a yi gabas. Sannu a hankali gonaki suka fara buɗewa, gawo ya yawaita, ƙasa ta koma rairayi. Agogo bai canja ba, hannun tuƙi bai canja ba, Hausa ce dai a ko'ina. Sai dai titi ya koma gudurun, babur ya koma moto.

Kuɗi ne ya ɗaure min kai. A Matamaye mai shayi ya ce dala arba'in, na tsaya ina zare ido. Da dala suke ƙirga sefa, kowace dala tamma biyar ce, don haka dala arba'in sefa 200 ke nan, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Da ya gane Bakano ne ni, sai tsokana ta tashi, domin Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne. Ya tuna min yaƙin da kakanninsa suka kawo har ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, ni kuma na ce masa ai da gudu suka koma.

La'asar sakaliya muka shiga unguwar Birni, ƙura ta rufe mu har gira. Washegari aka ɗaura aure.

Da za mu dawo, dangi suka fito da rabin buhun wake a matsayin tsaraba. Kawu ya yi godiya, ya ce a bar shi. Tun Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi daga ƙasar in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba, kuma shi ba zai sake zama a gindin darbejiya ba. Dabino da cuku muka ɗauko.

Kwana biyu da dawowarmu ya je gidan wanda ya sayar masa da babur ɗin, da shaidu biyu da mai unguwa, aka rubuta takardar cinikin da ya kamata a rubuta shekara uku da suka wuce. Ni aka sa na kai ta Dambatta aka manne ta a cikin leda.