Ci-ranin da Ya Daina Ƙarewa da Saukar Damina

A ƙauyukan Sakkwato da Katsina da ƙasar Adar, a da ba sai an duba kalanda ba kafin a san lokacin tafiya da na dawowa. Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, samari da magidanta sai su kama hanya: wani Kano, wani Badun, wani Ikko, masu dogon zango har Kumasi da Ankara. Hadarin farko na tasowa kuwa sai a ga suna sauka daga mota ɗaya bayan ɗaya, da tsarabar atamfa da kuɗin haraji, suna tambayar wa ya fara sharar gona.

Tsarin yana da hikimarsa. Daminar Arewa wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara gona ba ta buƙatar kowa. Duk wanda ya tafi ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya kuma dawo da tsabar kuɗi, abin da Turawan mulkin mallaka suka mai da dole tun da suka ce haraji sai da kuɗi. Hanyar ma ba sabuwa ba ce, domin fataken goro sun daɗe da share ta zuwa Gwanja. Masani Mansell Prothero ya yi nazarin 'yan ci-ranin lardin Sakkwato a shekarun 1950, Abner Cohen kuma ya rubuta littafi a 1969 kan Hausawan Sabo a Badun, inda baƙo ke sauka hannun maigida ya samu makwanci da mai tsaya masa. A duk wannan tarihi, gona ce uwa, birni wurin wucewa ne kawai.

Yau abin ya juye. Mutum na iya yin shekara biyu ko uku yana dako a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko gadi a unguwar Lekki, ko tura baron ruwa a Abuja, bai ga shuka ba bai ga girbi ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu, abin da ya rage wa jika ba ya ciyar da gida wata shida. Taki ya yi tsada. A sassan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, 'yan bindiga sun hana zuwa gonakin nesa, wani wurin ma sai an biya su kafin a yi girbi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Kudu zuwa gida da dawowa ya zama abin da mutum zai yi lissafi ya ce gara ya aika da shi.

Aikawar kuwa ta yi sauƙi. Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙo sai an samu mai zuwa gida, ko a ɗauki murya a kaset a ba direba. Yanzu mai POS na bakin kasuwar ƙauye yana miƙa kuɗin cefane cikin minti biyar. Wannan alheri ne, babu mai musu. Amma shi ne kuma ya ba maigida damar sauke nauyin ciyarwa ba tare da ya taka ƙofar gidansa ba, har ya riƙa jin ya gama nasa.

Bai gama ba, kuma matar da ya bari ita ta fi kowa sani. Ita ke tashi da dare in zazzaɓi ya kama yaro. Ita ke yanke shawarar ko a sayar da akuya, alhali a al'ada ba ta da ikon yankewa, sai ta nemi izinin suruki ko ƙanin miji, wanda sau da yawa ta hannunsa kuɗin ke biyowa. In saƙo ya yi jinkiri, ƙuli-ƙuli da awara da adashinta ne ke riƙe tukunya, 'yarta kuma ta ɗauki farantin talla a lokacin da sa'o'inta ke aji. In ta yi ƙorafi a ce mata ai nema ya tafi, ta yi haƙuri. Wannan haƙuri ana nemansa wurinta fiye da kima, kuma ba na jin muna da gaskiya da muke ɗaukarsa kamar abin da ba ya ƙarewa. Shari'a ba ta taƙaita haƙƙin mace a kan abinci da sutura ba. Malaman Malikiyya sun ba ta damar kai ƙara gaban alƙali in dogon rashin miji ya cutar da ita, ko da yana aiko da kuɗi. Kaɗan ne ke zuwa, saboda kunya da tsoron bakin dangi.

Shi ma mai tafiyar ba daɗi yake sha ba. Yana kwana a shago ko kangon gini, sana'arsa kuma tana iya rushewa da sanarwa ɗaya. Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Legas ta hana shi a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, aka murƙushe baburan da aka kama. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 ya mai da mutane gida hannu rabbana. Iyayenmu sun ga irin wannan a Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, sai dai su sun tarar da gona tana jiransu. Wanda aka ƙwace wa babur a Ikeja yau, in ɗan Zurmi ne ko Sabon Birni, yana iya komawa ya samu iyalinsa ma sun bar ƙauyen, suna zaman haya ko gudun hijira a cikin gari.