Duwatsun Gidan Waya: Kuza Ko Zinariya?

Mutanen Arewa da ke zaune a Ikko da Badun sukan ji labarin an tono arziki a ƙauyukan gida, har wani ya tattara jarinsa ya aika a saya masa rami. Kafin a kai ga haka, ya kamata a san abin da kowane dutse yake ɗauke da shi.

Gidan Waya, a Ƙaramar Hukumar Jama'a kusa da Kafanchan, tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu. A cikinsu akwai giranit, watau dutsen nan mai ƙarfi da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Masana sun ce wani ya kai shekara miliyan 600, na tsaunin Kagoro kuwa ɗan'uwan na Jos ne, bai kai wancan tsufa ba. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa. Sa'ad da yake hucewa sai ya tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagar, ya bar ma'adinai a ciki. Wannan shi ake kira jijiya.

To, amma ba kowace jijiya ce ke da zinariya ba. Abin da aka san ƙasar Jama'a da shi shi ne kuza, wadda aka daɗe ana haƙa a Godogodo, da kuma shuɗin dutsen ado, safaya, na wajen Nisama. Zinariyar Jihar Kaduna tana yamma ne, a Birnin Gwari, cikin jijiyoyin farin dutse mai ƙyalli kamar ƙanƙara. Tun zamanin Turawa ake haƙarta a can. Azurfa kuwa ba ta cika zama ita kaɗai ba. Ko dai ta gauraye da zinariya ta rage mata ja, ko kuma ta ɓuya cikin dutsen dalma, irin wanda ake niƙawa a yi tozali.

A nan hatsarin yake. A shekarar 1913 aka fara haƙar zinariya a hukumance a Nijeriya, amma ba a ga asara irin ta 2010 ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara an riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida, ƙurar ta hallaka yara fiye da 400. A 2015 an sake yin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Har ila yau, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, ko da gonar ta gado ce. Saboda haka mai niyyar zuba kuɗinsa sai ya fara neman lasin, ya kai dutsen a auna, kada kuma a niƙa shi inda yara ke wasa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.