Ko Kun Sani? Wutar Daji Ta Fi Gudu In Ta Kama Hawa

Ko kun san cewa wutar daji, saɓanin mutum da dabba waɗanda hawa ke gajiyarwa, gudunta ƙaruwa yake yi idan ta fuskanci tudu? Masana sun ƙiyasta cewa duk lokacin da tudun ya ƙara tsayuwa da digiri 10, saurinta yakan ninka, domin harshenta yana kwantawa bisa ciyawar da ke gaba, ya gasa ta tun kafin ya iso ta.

A ƙasar Mainika, da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo, babu lokacin da ya kai ƙarshen hunturu da shigowar bazara hatsari, wato daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ta riga ta tsotse damshin ƙasa, gamba da karan dawa suka bushe ƙayau, zafin rana kuma yana kusantar digiri 40. A irin wannan hali, tartsatsi guda daga mai sharar gona, ko daga yaran da suka cinna wa ramin gafiya wuta, ya isa ya lashe harawar da magidanci ya tanada wa bisashensa, abin tausayi, tun damina ba ta ko yi alama ba.

Malamanmu na fiƙihu ba su gafala da wannan mas'ala ba. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya tabbatar da cewa wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi, har ta ci dukiyar wani, to lamuni ya hau kansa.