Matan Fada: Kifin Argungu da Ruwan Goronyo

Idan hunturu ya fara ja da baya, ruwan fadamun Kabi ya janye, kifi ya tattaru a wurare masu zurfi, lokacin su ya kama ke nan a ƙasar Argungu. Tsakanin Fabrairu da Maris ne aka saba buɗe kogin Matan Fada, dubban masunta su auka ciki lokaci guda, kowa da homarsa da gorarsa. Bikin ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu domin rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Baƙon da ya zo daga Abuja sa'a ɗayan nan ta gasa yake gani. Abin da ba ya gani shi ne watannin da suka gabace ta, waɗanda a cikinsu ba a yarda kowa ya jefa taru a wannan yanki na kogin ba. Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan hani, kuma shi ne ke ba giwan ruwa damar girma har ta kai nauyin ƙato. Wadda ta ci gasar 2020, bayan shekara goma ba a yi bikin ba, kilo 78 ta auna.

Dabarar hutar da kogi ba ta Kabawa kaɗai ba ce. A Ingila akan rufe kamun wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ake kira turawut tun daga kaka, lokacin da yake zuba ƙwai, sai wajen Maris ko Afrilu a buɗe. Masu fatsa a can kan naɗe ƙugiya da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, su jefa ta bisa ruwa, da yawansu kuma su saki abin da suka kama. Su nishaɗi suke nema. Masuncin Kabi kuwa abincin gidansa ne a cikin ruwan, kuma bandar da ake lodawa daga Arewa zuwa kasuwannin Legas daga hannun irinsa take fitowa.

Sai dai hani kaɗai ba ya haifar da kifi. Tarwaɗa da karfasa da sauransu a cikin ambaliyar damina suke hayayyafa, inda ruwa ke malala cikin ciyawar fadama, ƙananan kifi su sami abinci da maɓoya. Wannan ambaliya kuwa ta daɗe da fita daga hannun Sarkin Ruwa. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, aka bi ta da ta Goronyo a kan Rima, yawan ruwan da ke isa Argungu da lokacin isowarsa sun rataya ne a kan ƙofofin da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, take buɗewa ko rufewa. Manoman rani na jiran wannan ruwa, famfunan birnin Sakkwato ma haka, masunci kuma yakan zo ne a ƙarshen layi. A farkon 2018 ruwan Goronyo ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na abin da madatsar ke iya ɗauka.

A bikin 2008 an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya, bayan an gano cewa kifin nasa ya mutu tun kafin a shiga ruwa, daga wani wurin aka kawo shi. An yi ta maganar maguɗin, ba a cika tambayar ko Matan Fada na da isassun manyan kifaye a shekarar ba.