Irin Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Da Ake Bukata A Ƙasar Dutsin-Ma

Tun daga shekarar 2015, duk ɗalibin da ke neman shiga jami'a a Nijeriya, ko daga Kuki ya fito ko daga Kurfi, tilas ne ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawar JAMB. Wannan doka, tare da kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ta sa samari da yawa a wannan yanki sun shiga sha'anin kwamfuta, har wasu suna sayen kayanta ɗaiɗai su harhaɗa da kansu.

Cikin kayan nan babu kamar ƙwaƙwalwa, watau furosesa, ɗan ƙaramin abin da ke yin dukan lissafi. Manyan kamfanonin da ke ƙera ta domin kwamfutar tebur su ne Intel da AMD na Amurka, kuma tseren da suke yi na sauri ne. Alal misali, Core i9-14900K da Intel ya fitar a 2023 tana iya shan wuta har wat 253 idan aiki ya yi tsanani. Mai sha'awa a Turai zai yi murna da ita. Na Dutsin-Ma kuwa, lissafinsa dabam ne.

Bukatarsa ta farko ita ce ƙwaƙwalwa mai tsimin wuta. Inda lantarki ba shi da tabbas, kuma man janareta ya yi tsada tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, batir da farantin sola su ne madogara. Babban batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da abin da zai ba da wat 2,400 na awa guda, amma rabi kawai ake sha idan ana so ya yi ƙarko. Ƙwaƙwalwa mai wat 253 za ta cinye rabin nan kafin awa biyar, alhali mai wat 65 za ta kai awa 18, ban da abin da sauran kayan za su sha.

Ta biyu ita ce jure zafi. Duk wutar da ƙwaƙwalwa ta sha, zafi take komawa, kuma idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A bazara zafin gari yakan kai digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe fanka. Saboda haka wanda ya sayi mai gudun tsiya yana iya biyan kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba a ɗakinsa.

Ta uku, a haɗa mata sashen sarrafa hoto mai ƙarfi a cikinta, don a huta da sayen katin hoto. Ana samun irin wannan a Ryzen 5 5600G ta 2021 da 8600G ta 2024, dukansu masu wat 65.

Ta huɗu, sabuwar ƙwaƙwalwa ta shiga gurbin tsohuwa a kan babban allon da masu gyara ke kira madabod. AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, kuma har 2024 yana ƙera masa sababbi. Intel kuwa ya kawo LGA1700 a 2021, ya canja shi a 2024. Canjin gurbi yana nufin sayen sabon allo, wani lokaci har da wasu kayan.

Maganar ta shafi ofisoshi da makarantu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 ba ta amince da yawancin ƙwaƙwalen Intel da suka girmi zubi na takwas ba. Kwamfutoci na hannu masu yawa da ke aiki lafiya lau sun faɗa cikin wannan rukuni.

Don haka ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kaya, da ɗalibin da ya daɗe yana tara kuɗinsa, ya kamata su tambayi mai kanti wat nawa ƙwaƙwalwar ke sha, wane zubi ce, kuma wane gurbi take shiga, kafin su tambayi saurinta.