CIWON BAYA: DOGUWAR KWANCIYA BA MAGANI BA CE

Da zarar damina ta kankama, ciwon baya ya kan shigo gari. Mutum ya wuni a duƙe yana huɗa. Washegari ya tashi ya ji ƙugunsa ya riƙe, ko alwala ba ya iya sunkuyawa ya yi. Mata kuwa ba su da rani ba su da damina. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga wanki a duƙe, ga kuma goyo.

Ba a ƙauye kaɗai ake fama da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke da ciwon ƙugu, wato ciwon baya daga ƙasa. Ta ce babu wani ciwo da ya fi shi naƙasa mutane ya hana su harkokinsu. To, manomi ya fi kowa sanin wannan. Mako biyu a kwance lokacin noman fari, ai ciyawa ta gama cinye gero.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan. Yawancin ciwon baya yana warkewa a gida, cikin mako shida ko ƙasa da haka. Kuma wanda ya ci gaba da motsa jiki ya fi saurin warkewa bisa ga wanda ya kwanta.

ME KE CIWO A CIKI?

Ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, ɗaya bisa ɗaya. Guda 5 na wajen ƙugu su ne manya, su ne kuma ke ɗauke da nauyin jiki. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani abu mai taushi kamar gammo, wanda ke hana su gogar juna. Tsoka da jijiyoyi ne suka ɗaure su duka. Ta cikinsu kuma laka ta bi, daga ita jijiyoyi suka fita suka sauka zuwa ƙafafu.

Sau da yawa ba ƙashi ne ya sami matsala ba. Tsoka ce ta gaji, ko ta ɗaure, ko jijiya ta ɗan gurɗe. Zafin yana iya yin tsanani har mutum ya yi zaton wani abu ya karye. Amma yawan zafi ba shi ne yawan ɓarna ba. Kowa ya san yadda ɗan tsinke a ƙarƙashin farce yake hana barci, alhali ba ya kisa.

Wani lokaci wannan gammo ya kan ɗan bulluƙo ya danne jijiya. Sai a ji zafi yana sauka ta ɗuwawu, ya bi bayan cinya har zuwa ƙafa. Shi ma wannan ya kan lafa da kansa ga mafi yawan mutane, sai dai ya fi ɗaukar lokaci.

KADA A KWANTA HAR JIKI YA MUTU

A da, har a asibiti a kan ce wa mai ciwon baya ya je ya kwanta. Yanzu likitoci sun bar wannan shawara, domin bincike ya nuna doguwar kwanciya ƙara ciwon take yi. Dalili kuwa a fili yake. Tsokar da ba ta aiki ta kan yi rauni, gaɓoɓi kuma su sandare. Mutum ya yi kwana bakwai a kan tabarma, ranar da zai tashi sai ya tarar bayan ya fi da rauni. Ka dubi ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba, yadda yake ƙara in an tura shi.

In zafin ya yi yawa a ranar farko ko ta biyu, ka huta. Amma ko a cikin hutun, ka riƙa tashi bayan ɗan lokaci kana zagaya tsakar gida. Daga nan ka fita ƙofar gida. Gobe ka kai masallaci ko bakin kasuwa. Kullum ka ƙara ɗan taki a kan na jiya. Tafiya a ƙasa magani ce babba, ba ta kuma cin ko kwabo.

Za ka ji ɗan zafi lokacin da kake motsi. Wannan ba alamar kana ɓata bayanka ba ce. In zafin ya lafa bayan ka huta, ci gaba. In ya wuni yana ƙaruwa, ka rage aikin gobe, amma kada ka daina gaba ɗaya.

Zama mai tsawo shi ma yana tayar da ciwon. Tela, da direba, da ɗan acaɓa, da mai saƙar tabarma, duk su riƙa miƙewa suna taka ƙasa akai-akai.

YADDA ZA A SAMI SAUƘI A GIDA

Ɗumi yana sakin tsoka. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a wurin kamar minti 15 zuwa 20. Ana iya yin haka sau biyu ko uku a rana. Ruwan ya zama wanda hannu zai iya jurewa. Kada a sa tafasasshen ruwa, kada kuma a kwana kusa da kaskon wuta da sunan gasa baya. Ƙuna ta fi ciwon baya wuyar jinya. Tausa a hankali da man zafi ko man kaɗanya ita ma tana kawo sauƙi. Amma a bar al'adar nan ta sa yaro ya hau bayan mutum yana tattakawa.

Wajen barci, ka kwanta ta gefe, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka sa matashi tsakanin gwiwoyinka. In rigingine ka fi so, sa matashin a ƙarƙashin gwiwa. Babu matashi? Naɗe zane ko bargo. Katifar da tsakiyarta ta lotsa ba ta taimako. In za ka tashi, kada ka zabura. Juya ta gefe tukuna, ka dafa ƙasa da hannu, sannan ka ɗago.

Akwai motsa jiki mai sauƙi da za a yi a kan tabarma safe da yamma. Kwanta rigingine ka tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa na ƙasa. Kama gwiwa ɗaya ka jawo ta zuwa ƙirji a hankali, ka ƙirga goma, ka saki. Yi wa ɗayar haka. Bayan nan ka haɗe gwiwoyin biyu, ka karkata su dama, ka dawo, ka karkata su hagu. Sannan ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka tura baya sama, ka sake shi ƙasa. Kowanne a yi shi sau biyar zuwa goma, ba da ƙarfi ba. In wani daga ciki ya sa zafi ya harba zuwa ƙafa, a bar shi.

Wanda tsayuwa ko ruku'u ya gagare shi, malamai sun bayyana cewa yana iya yin sallarsa a zaune har ya sami sauƙi.

MAGANAR ƘWAYOYI

A nan ne mutane da yawa suke jawo wa kansu ciwon da ya fi na baya. Ran kasuwa sai ka ga mai tallan magani ya ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da rawaya, ya ce haɗin ciwon jiki ne. Mai saye bai san sunan ko ɗaya ba. Sau da yawa biyu daga ciki aikinsu ɗaya ne, sai mutum ya sha ninki bai sani ba.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafin baya. Amma suna iya cin ciki har ya yi jini, suna kuma iya lalata ƙoda in an daɗe ana sha. A sha su bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai, kuma kada a haɗa biyun tare. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini, da mace mai ciki, da tsoho, kada su sha sai malamin asibiti ya yarda. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin, a daina sha nan take a tafi asibiti.

Parasitamol ya fi sauƙi ga ciki, ko da yake shi kaɗai ba ya yi wa ciwon baya abin kirki sosai. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a cikin yini da kwana. Wuce haka yana lalata hanta.

Sai kuma tramadol. Samari da yawa suna sha don su yi noma ba gajiya. Ba ya warkar da komai, rufe zafin kawai yake yi. Yana kama jiki har mutum ya kasa aiki sai da shi, yana kuma iya kawo farfaɗiya. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon baya mai daɗewa. A ciki ta ce kada a riƙa ba da irin waɗannan magunguna masu sa maye. Ta ce kuma ɗamarar ɗaure ƙugu ba ta cikin abin da ya kamata a dogara da shi.

Allura ba ta fi ƙwaya ba, duk da yadda mutanenmu suke son ta. Haka nan, masu lasifika a kasuwa su kan ce kowane ciwon baya basir ne ko sanyi. Basir ciwon dubura ne, wurinsa daban. Wanda kuma ya nace sai an yi masa ƙaho ko tsaga, ya sani askar da aka yanki wani da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ko cutar ƙanjamau.

WANDA BA NA ZAMAN GIDA BA NE

Duk abin da muka faɗa a sama na ciwon baya ne na yau da kullum. Akwai kaɗan da ba a jinyarsu a gida. A karanta wannan sashe da kyau, a kuma karanta wa wanda bai iya ba.

In fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida yana zuba ba da sanin mutum ba, a tafi babban asibiti a ranar. Haka nan in tsakanin cinyoyi da wajen al'aura ya mutu, ana taɓawa ba a ji. Haka nan in ƙafafu suna ta yin rauni, mutum yana jan ƙafa. Waɗannan alamu ne na cewa an danne manyan jijiyoyi. Jinkiri na iya barin mutum gurgu. Ko da dare ne, a nemi mota.

Wanda ya faɗo daga itace, ko daga kan babur, ko gini ya danne shi, kada a ɗaga shi a zaunar. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗauke shi a haka. Ba a kai karayar ƙashin baya wurin mai ɗori.

Akwai kuma ciwon baya mai zuwa a hankali, tare da rama, da zazzaɓin yamma, da gumin dare. Wannan yana iya zama tibi. Mutane sun ɗauka tibi a huhu kaɗai yake, alhali yana cin ƙashin baya har ya fitar da doro. Yana warkewa in an kama shi da wuri, maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai dai a sha shi watanni da yawa ba fashi.

In zafin a gefe yake, ƙarƙashin haƙarƙari, ga zazzaɓi, ga zafi ko jini a fitsari, to ƙoda za a duba. Mace mai ciki da ta ji baya yana ɗaurewa yana saki, ko ta ga jini ko ruwa, ta tafi asibiti ba jira. Mai amosanin jini, da ƙaramin yaro, da wanda ya taɓa ciwon daji, su ma a kai su a duba. Haka wanda ciwon ke hana shi barci kowane dare, ko ya canza kwanciya.

In babu ko ɗaya daga waɗannan, amma mako shida ya wuce ba sauƙi, a je ƙaramin asibiti. Kada ka ji haushi in ba a ɗauke ka hoto ba. Yawancin ciwon baya ba ya bukatar hoto. Mutane da yawa masu lafiya garau, in an ɗauki hoton bayansu za a ga alamun tsufa a ƙashi.

KOMAWA GONA

Ba sai zafi ya tafi ƙaf za ka koma aiki ba. Fara da mai sauƙi, ka yi rabin yini. In kana noma, duk kunya biyu ko uku ka miƙe tsaye, ka dafa ƙugu ka ɗan gantsare. Aikin da ya fi ƙarfinka a wannan makon, ka nemi 'yan'uwa ko ka kira gayya.

Ka san nauyin abin da kake ɗauka. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ga shi kuwa ita ake aza wa yarinya 'yar shekara goma sha biyu. In za ka ɗaga kaya, matsa kusa da shi, ka durƙusa da gwiwa, ka rungume shi a jikinka, sannan ka miƙe. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafafunka. Buhu a kama shi mutum biyu. Inda akwai baro ko amalanke ko jaki, a ba su aikinsu.

Uwargida kuma ta ɗora kwanon wanki bisa kujera ko turmi, ta daina wuni a duƙe. Tsintsiya a ɗaura mata sanda. In bayanta ya kama, maigida ya kai hatsi inji na waɗannan makonni, a kuma sami mai karɓar mata goyo.

Ciwon baya ya kan dawo wa mutane da yawa, wani bayan watanni, wani bayan shekara. Dawowarsa ba ta nufin baya ya lalace. Wanda ya ci gaba da tafiya a ƙasa da motsa jikin nan na kan tabarma bayan ya warke, ciwon ya kan rage kai masa ziyara. Shan taba da ƙarancin barci da yawan damuwa kuwa suna sa shi daɗewa.