Yadda tsohon wasan Doom ya shiga burawuza

A shekarar 1993 kamfanin id Software na Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Doom. A ƙarshen 1997 kuma suka saki rubutun asalinsa, wato umarnin da aka rubuta da harshen C, kowa ya ɗauka ya duba. Tun daga nan mutane ke ta kai shi kan na'urori iri-iri, har ya iso burawuza, manhajar nan da muke buɗe shafukan intanet da ita.

To, burawuza ba ta jin C, sai da tafinta. Tafintan shi ne Emscripten, wanda Alon Zakai ya ƙirƙiro yana ma'aikacin Mozilla. Da can zuwa JavaScript yake juya rubutun. Da manyan burawuzoji suka karɓi WebAssembly a 2017, aka koma can, don ya fi gudu.

Sai dai juyawar kaɗai ba ta isa ba. Wasa yana tafiya ne cikin zagaye marar ƙarshe: ya duba maɓallin da aka danna, ya yi lissafi, ya zana hoto, ya sake komawa. In ka bar shi haka a burawuza, shafin sandarewa yake yi ƙam, kamar ɗalibin da ya riƙe alli ya hana kowa zuwa allo. Dole a karya zagayen, ya zama burawuza ce ke kiran wasan, galibi sau 60 a daƙiƙa, ya yi taki ɗaya ya ba ta wuri. Nan ne mafi yawan masu koyo ke maƙalewa.

Wani abin da ake mantawa: rubutun aka saki, ba hotuna da sauti da taswirorin wasan ba. Waɗannan suna cikin fayil ɗin da ake kira WAD, kuma suna da masu su. A 2011 an ɗora Doom a shafin Mozilla, masu haƙƙin mallaka suka yi ƙorafi, aka sauke shi. Mai son kauce wa wannan rigima sai ya ɗauki Freedoom, wanda ƴan sa-kai suka zana kyauta.

Ni dai ba zan kai wa ɗalibaina wasan harbe-harbe aji ba, gaskiya. Hanyar nake kwaɗayi. Ƙaramin wasan lissafi da aka rubuta da C, in aka juya shi haka, adireshi kawai za ka ba yaro ya buɗe a wayar gidansu, ba sai an girka komai ba.